Takardar Tsaro Ta Kyauta Da Ta Ɓata Sunan Gwaggo

A wancan lokacin ni matashi ne mai ɗan shagon kwamfuta a Samaru, ina buga wa ɗalibai takardu, ina kuma haɗa wa ƙananan 'yan kasuwa shafin intanet. Ina ji da kaina ba kaɗan ba. Duk abin da wasu ke saye da kuɗi sai na tono na kyauta, sannan in riƙa yi musu kallon waɗanda kansu bai waye ba.

Akwai aminiyar mahaifiyata da muke kira Gwaggo, sana'arta haɗa kayan lefe a Sabon Gari. Yawancin masu cinikinta sojojin barikin Basawa ne da iyalansu. Ko an tura mutum aiki can nesa, sai ya aiko mata, ta haɗa akwatuna ta miƙa wa danginsa, bai ga ko ƙyalle ba. Amanar nan ita ce jarinta. Na haɗa mata shafi don su riƙa zaɓar atamfa da leshi daga inda suke, na kuma rantse ba zan karɓi ko sisi ba. Na sa wa shafin takardar tsaro ta kyauta, wadda ke shaida wa waya cewa shafi amintacce ne. Na san irinta wata uku take yi ta mutu in ba a sabunta ba, kuma ba wanda zai bugo ya tuna maka. Na saita ta riƙa sabunta kanta, ban ko yi wa Gwaggo bayani ba, don a ganina me tsohuwa za ta gane a ciki.

Daga baya na mayar da shafin wani masaukin intanet mai araha, na manta ban gyara saitin ba. Takardar ta mutu. Duk wanda ya buɗe sai wayarsa ta gargaɗe shi cewa za a iya sace masa bayanai. Wata matar soja ta ɗauki hoton gargaɗin ta watsa a zauren WhatsApp na matan bariki, kafin a ce me, magana ta koma Gwaggo ta haɗa kai da 'yan damfara.

Sai bayan makonni mahaifiyata ta gaya mini cewa wani ango ya turo yayyensa mata sun kwashe kayansa daga shagon, suna ƙirga turame ɗaya bayan ɗaya a gaban maƙwabta. Gyaran bai kai ni shan kofin shayi ba, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Na je shagon na durƙusa, na tambaye ta me ya hana ta kira ni tun ranar farko. Ta daɗe tana ninke wani mayafi kafin ta ce, "Ɗana, alheri ka yi mini. Da wane baki zan bi ka in ce alherin ya lalace?"

Na bi gidajen da zan iya ina bayani. Wasu sun dawo, da yawa ba su dawo ba, kuma har yau akwai masu cewa ai an taɓa jin wani abu a kanta. Matar da ta tsufa ana ba ta amana, ni na jawo mata wannan, kuma ina jin kunyarsa kullum.

Ban ce takardar kyauta ba ta da kyau ba, tana tsare shafi kamar ta kuɗi. Amma ba ta da mai lura da ita sai kai da ka ɗora ta. 'Yan'uwana masu wannan aiki, ku gaya wa mai shafi ranar da za ta mutu, ku riƙa leƙawa da kanku. In kuma dattijuwa kuka yi wa kyauta, kada ku jira kiranta. Kara ba za ta bar ta ta kira ku ba, za ta zauna ne a shago tana jin abin da ake faɗa a kanta.