Baba Hodi da Kadan da Ba Wanda Ya Gani

In aka idar da sallar asuba, Baba Hodi ba ya komawa gida. Yakan ɗauki sandarsa ya gangara tafki, ya bi gefen ruwa yana duban laka, yana tantance sawun shanu da na guza da na takalmin da bai sani ba. In ya ga kifi ya taso ciki sama, sai ya tsuguna ya ɗauke shi ya shinshina, don ya ji ko wani ya zuba guba. Masuntan wani ƙauye da ke gefen hanya tsakanin Ambursa da Argungu ne suka ɗora shi gadin wannan tafki tun gemunsa yana baƙi, kuma yana kan aikin har gemun ya yi fari fat.

Mu 'yan fatsar Asabar muka san shi a bakin aiki. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa daga Birnin Kebbi, muna zuwa da ƙugiyoyinmu da gwangwanin tana mu jefa don nishaɗi, mu huta da hayaniyar gari. Ni daga Gwadangaji nake tasowa, tare da abokina Akanbi mai shagon kayan injin ban-ruwa. Duk zuwan da za mu yi sai Baba Hodi ya buɗe jakunkunanmu. Ya san sunayen 'ya'yanmu, ya ci tuwon sunansu, amma wannan bai taɓa hana shi kwance murfin gorar shayina ya kai hanci ba. Na taɓa ce masa, "Baba, har yanzu ba ka yarda da ni ba?" Ya ce, "Malam, na yarda da kai jiya. Yau ban duba ba tukuna."

Haushi yake ba mu, wallahi. Amma a irin wannan gorar shayi ya kama wani baƙo da maganin ƙwarin shinkafa, wanda da ya shiga ruwan nan da an yi ta kwasar mushen kifi har da na tsuntsaye. Shi ya ƙwace gidan sauron da wasu suka mayar raga suna kwashe 'ya'yan ƙarfasa. Ranar da mesa ta kwanta a cikin ciyawa dab da inda Akanbi ya shimfiɗa tabarma, Baba Hodi bai yi ihu ba. Cewa ya yi, "Akanbi, taho ka riƙa mani igiyar jirgi," sai da mutumin ya yi nisa sannan ya nuna masa abin da ya kusa zama a kai. Kai ne, Baba, mai ido a ƙeya. Kai ne ba ka taɓa cewa sannu da zuwa ba sai bayan ka ce me ke cikin jakar.

To, akwai wani rani da ruwa ya janye da wuri. Mashigin da ke haɗa tafkin da gulbin Rima ya ƙafe, ruwa mai zurfi ya rage a wuri ɗaya kawai, wani gurbi a ƙarƙashin itatuwan giyayya. Can kifi ya taru, can kowa ke son jefawa. Sai ga Baba Hodi ya tare hanya ya ce wani kada ya shiga gurbin, babba, kuma ba mai kusantar wurin, ko masunci ko ɗan fatsa.

Da farko mun ji tsoro. Da aka kwana biyu sai tsoron ya fara zama tambaya. Akanbi ya ce shi ya san kada yana fitowa shan hantsi, to ina wannan yake shan nasa? Ba sawu a laka. Agwagin ruwa suna iyo a kan gurbin hankali kwance, ba wadda ta ɓace. Ba wanda ya taɓa ganin kadan nan sai mai gadi. Sannan ga wani abu da ya fi ɗaure kai: kowace safiya Baba Hodi yana yankan ciyawar burugu, ya cika jirgi, ya tuƙa ya nufi giyayya, ya dawo jirgi wayam. Mutumin da ba shi da ko akuya. Muka tambayi matarsa Kulu, mai suyar kifi a bakin tafkin, ta ce ita ma ta tambaya, ya ce mata ta ji da kaskonta.

Ban ga laifin kowa ba a wannan zargi, duk mai ido zai yi shi. Wasu suka ce gura ya kakkafa a gurbin, irin tarkon kifin nan na saƙa, yana rufe su da ciyawa, yana kai tarwaɗa kasuwar Argungu a ɓoye. Wasu suka ce aljanin ruwa yake kiwo. Magana ta kai ga sarkin ruwan ƙauyen, shi kuwa ya yanke cewa za a kira maharbi daga wajen Yawuri ya zo da zago, mashin nan na farautar ruwa. In akwai kada a kashe shi kowa ya huta, in babu a san abin da ke akwai.

Asabar ɗin da ta biyo baya, da hantsi, Baba Hodi ya kira ni da Akanbi gefe. Ya ce mu bar wayoyinmu a cikin mota. Bai tsaya nan ba, sai da ya lallaba aljihunanmu. Muka shiga jirgi muka zauna a kan ciyawa, ya tuƙa har ƙarƙashin giyayya, ya zuba dami ɗaya a ruwa ya ɗora yatsa a baki. Ni dai ban daina tunanin kadan ba gaba ɗaya.

Hanci ne ya fara fitowa, faffaɗa kamar na saniya, da 'yan gashi a leɓe. Ya huro iska, ya ja ciyawar ƙasa a hankali. Can sai ga wani ƙarami a gefensa. Akanbi ya damƙe hannuna har sai da na ji zafi.

"Ayu ce," in ji Baba Hodi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ɗanta. Da ambaliya sunka shigo, ruwa ya janye ya bar su. Ba su da hanyar gulbi sai damina."

Ba sai an yi wa ɗan Kabi bayanin abin da ayu yake ba, dabbar ruwan nan mai cin ciyawa da ba ta cutar kowa. Mansa ake nema ruwa a jallo wajen masu haɗa magani, namansa da fatarsa da ƙashinsa duk da masu jiransu. Ranar da aka ji labari, ranar za a fede uwar, ɗan kuma ya bi ta. Na ce, "Baba, me ya sa mu ka nuna wa?" Ya ce, "Ku kunka hi kowa baki a tabkin ga. In ban cika maku ido ba, ba ku yin shiru." Akanbi ya ce to maharbin fa? Baba Hodi ya ce mutumin Yawuri ko daga bakin ruwa ya ga yadda aka ci ciyawa ya gane, don haka dole a hana shi zuwa. Ya sa muka rantse cewa duk abin da za mu ji ya faɗa a gaban sarkin ruwa, ba za mu buɗe baki ba.

A ƙauyen nan akwai al'ada. In aka tabbatar an ci amanar ruwa a wani gurbi, sarkin ruwa kan kafa sanda a wurin ya ɗaura mata kaba. Daga ranar ba mai jefa ko fatsa, ba mai shiga da jirgi, sai sabon ruwa ya zo ya wanke wurin. Baba Hodi ya fi kowa sanin wannan, don shi ke riƙe sandar in za a kafa.

Aka taru a ƙofar sarkin ruwa bayan la'asar. Baba Hodi ya zo da gura biyu jiƙaƙƙu ya ajiye a tsakiyar mutane. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a sallami maharbi. Babu kada. Ni nika kama kihi a gurbin, na hana kowa don in ci ni ɗai." Wuri ya kaure da hayaniya. Wani saurayi da Baba Hodi ya taɓa ƙwace wa raga ya tofar da yawu a gabansa. Sarkin ruwa ya ce, "Hodi, kai?" Ya ce, "Ni." A nan take aka sauke shi daga gadi. Kafin magariba an kafa sanda a gurbin giyayya, an ɗaura kaba. Kulu tana tsaye a bayan mata, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya gida.

Na ji ciwon ranar nan, kuma har yau ina jinsa. Ya hana maharbi zuwa, ya sa an rufe gurbin da hannun sarkin ruwa, kuma da sunansa ya biya kuɗin duka. Da yake an hana shi shiga da jirgi, sai ya koma bi ta bayan gonakin albasa yana zuba ciyawar daga kan gaɓa, mutane suna cewa kunya ce ta sa yake ɓuya. Ciniki ya ja baya a kaskon Kulu. A wurin ɗaurin aure, in ya zauna, sai tabarma ta yi faɗi a gefensa. Da damina ta sauka mashigi ya cika, ya same mu ya ce, "Sun tahi." Muka ce to yanzu sai mu je mu wanke ka. Ya ce ko kusa, ayu yana komawa inda ya taɓa samun lafiya, in aka sani za a jira shi da zago baɗi.

Haka ya ɗauki sunan ɓarawo shekara da shekaru. Sai bana, da manoman shinkafa suka datse mashigin suka mayar da shi gona, ya zama ba abin da zai ƙara shigowa daga gulbi, sannan ya ce mana in mun matsu mu faɗa. Ko a nan sai da ya tambaye ni wa ya sa ni, kuma me zan samu.

Muka je ƙofar sarkin ruwa ranar Juma'a, mutane cike. Akanbi ya ba da labari tiryan-tiryan, na shaida, muka ce a kawo Alƙur'ani in ana so. Ina jiran in ga an tashi an kama hannun tsohon nan. Sarkin ruwa ya dubi Baba Hodi ya ce, "Ayu biyu, Hodi? A tabkinmu? Kuma ka bari sunka tahi?" Wani daga baya ya ce da an sani da ƙauyen nan ya ga alheri. Aka yi ta jimamin naman da ya wuce. Kulu kaɗai ta ratso maza ta ɗauko masa takalmansa ta ajiye a gabansa, abin da ban taɓa ganin mace ta yi a wannan ƙofa ba. A hanyar gida bai yi fushi ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, ka ji su ko? To da a lokacin na faɗi hwa?"

Na ji su, Baba. Shi ya sa na kawo maganar gaban waɗanda ba su san ka ba. Kai ne ka tsare mu daga ruwa, ka tsare ruwa daga gare mu, kuma da aka zo inda sai ɗaya ya tsira, sunanka ko dabbar da ba ta san kana yi ba, ba ka tsaya shawara da kowa ba. Mun gode. Allah ya saka maka, ya ba Kulu ladan haƙurinta, ya sa ka gama lafiya.

Ku kuma masu fita da fatsa ranar hutu, a Rima ko a ko'ina, in mai gadin ruwa ya ce a buɗe jaka, ku buɗe. In kun ga wani abin mamaki ya ɗago kai daga ruwa, ku kalla ku yi tasbihi, ku bar waya a aljihu. Baba Hodi yana nan da ransa, yana gyaran raga a zaurensa. A ƙauyensu an daina ce masa ɓarawo, yanzu wawa ake ce masa, kuma ya ce wannan ya fi masa sauƙin ɗauka.