Mai Sikeli da Noti Ɗari da Goma Sha Biyu

Yayata ta yi shekara talatin da ɗaya a gidan waya tana awon ƙunshin kaya, shi ya sa har yau unguwa ba ta san ta da wani suna ba sai Mai Sikeli. Kafin ta ɗora kwali a kan ma'auni takan ɗaga shi da hannun dama, ta kanne ido ɗaya, ta faɗi nauyinsa. Abokan aikinta sun ce da wuya ta kauce da fiye da giram talatin. Da ta yi ritaya sikelin ya zauna a ofis, hannun kuwa ya biyo ta gida. Jaririn maƙwabta ne, jakar makaranta ce, duk abin da aka miƙa mata sai ta fara auna shi kafin ta ce komai.

Mu uku Inna ta haifa: Babban Yaya, sai ita, sai ni auta. Sitokifa nake, mai kula da ɗakin ajiyar kaya, a wani kamfanin fenti, kuma ni ma ina da tawa cutar, wato ƙirge. Na san daga bakin gadon Inna zuwa ƙofar banɗaki taku goma sha bakwai ne, na san tagogin gidanmu tara. Tun da mijin Yaya ya rasu ta dawo gida ta zauna da Inna, su biyu a gidan da muka girma.

A taku na goma sha ɗaya cikin goma sha bakwai ɗin nan Inna ta zame ta faɗi, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki, ta kwana ashirin da uku a asibiti. Da lokacin sallama ya ƙarato, malamar gashin ƙashi ta tara mu ta ce kada a mai da tsohuwa gidan da ba ta da abin dafawa. Sai an kafa sandunan katako a jikin bango, daga ɗakinta, ta doguwar baranda, har cikin banɗaki. Babban Yaya ya ce ai magana ta ƙare, in Juma'a ta zo ba a kafa ba, gidansa zai wuce da ita, ya ma riga ya sa an share ɗaki. Ba mugunta yake nufi ba. Amma Inna ta shekara arba'in da shida tana farkawa tana kallon taga ɗaya, kuma da ta ji maganar sai ta kamo gefen mayafin Yaya.

"Ke dai ki mai da ni ɗakina," in ji ta.

Muka kira kafinta. Ranar Asabar ya zo da kuzarinsa, ya auna, ya huda bango, ya cusa robobin da noti ke kamawa, ya jera sanduna da mariƙan ƙarfe ashirin da takwas a baranda, ya ce zai je ya dawo. Dawowar da bai yi ba ke nan. Sau goma sha huɗu na kira wayarsa, a na ƙarshe matarsa ta ɗauka ta ce ya samu babban aiki a wani gari. Na kira wasu biyu, kowa ya ce sai mako mai zuwa.

Abin da ya rage ɗaurewa ne kawai. Kowane mariƙi noti huɗu yake ci, biyu a bango, biyu ta ƙarƙashi a cikin katakon sanda. Ɗari da goma sha biyu ke nan. Ranar Lahadi Yaya ta ɗauko tsohon sukundireban Baba mai ƙotar katako ta fara. Tara ta ɗaura, wuyan hannunta ya kumbura suntum, ko cokali ba ta iya riƙewa sosai.

Na ce mata ta huta, zamani ya wuce nan, akwai sukundireba mai batir. Litinin ina tashi daga aiki na wuce shagon kayan aiki na ce a ba ni wanda ya fi kowanne ƙarfi. Na bi kwalaye ina karanta lambobi, na zaɓi wanda lambar batirinsa ta fi girma, juyinsa a minti ɗaya ma ya fi na saura. Ni a lissafina abin a fili yake: lamba babba, aiki da sauri. Na shigo gida da akwatinsa ina taku ɗai-ɗai.

Yaya ta karɓa da hannun hagu, ta kanne ido. Kilo biyu da giram ɗari uku, ta ce, sannan ta tambaye ni ko gada za mu gina.

Na ce ta matsa ta sha kallo. Na durƙusa, na saita baki, na danna. Injin ya yi wata ƙara kamar ana rushe gida, kafin in ɗaga yatsa ya cinye kan notin ya mai da shi rami. Na ce wannan gwaji ne. Bakwai na gwada. Biyar kawunansu suka lalace, biyu suka nutse har suka tsaga ƙarshen sanda ɗaya. Minti huɗu na yi ina ɓarna, minti hamsin na yi da filaya ina cirewa, sannan na yanke tsagaggen wurin da zarto. Yaya tana zaune a kujera da tsumman ruwan sanyi a hannunta, tana kallona.

Da na gama ta ce, "Auta, ka ƙirga abin da ke jikin kwali, ba ka ƙirga wanda zai riƙe ba. Gobe da jibi kana wurin aiki. Ni ce zan ɗaga abin nan sau ɗari da uku, rabi kuma ta ƙasa, hannu a sama."

Talata da safe na roƙi awa biyu a wurin aiki muka koma shagon tare. A jakarta ta sa guntun sandar da na tsaga da noti goma. Mai shagon, wani dattijo mai tabarau a goshi, ya ga akwatin a hannuna ya yi murmushi. Ya ce wannan ai na masu rufin kwano ne, ba ya san tsayawa, kuma ya so ya faɗa mini jiya amma na shigo da sauri kamar an biyo ni. Ya yarda a canza tunda ban ƙwarzane shi ba.

Yaya ta ce ya sauko mata da duk waɗanda yake da su. Shida ya jera a kan tebur. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗagawa tana faɗin nauyi, shi kuma ya sauke tabarau yana duba kwali. A na farko ya ce dace ne. A na uku ya kira maƙwabcinsa mai sayar da kwan fitila ya zo ya gani. A na shida, ta ce giram ɗari tara da ashirin, kwali ya ce ɗari tara cif. Ta ce kwalin ne bai lissafa da bakin da ke jiki ba. Aka cire bakin, ta sake ɗagawa, ta ce yanzu sun daidaita.

"Hajiya, in kina neman aiki, ni ina neman sikeli," in ji mai shagon.

Nauyi kaɗai bai ishe ta ba. Ta ɗauki kowanne ta miƙe hannu sama ta ce in ƙirga mata. Biyu masu nauyi ba ta kai ashirin da su ba ta ajiye. Wani kuma ƙotarsa ta fi ƙarfin tafinta, yatsanta ba ya kai wa maɓalli sai ta sa hannu biyu, shi ma ta tura shi gefe. Saura uku. Ta fito da guntun katako. Akwai wani ɗan siriri kamar alƙalami, giram ɗari uku, wanda na ga idonta ya kwanta a kai. Ta ɗora shi a kan noti, ya shiga rabi ya tsaya yana kuka. Ta ajiye shi da ɗan takaici, ta ce wannan na gyaran rediyo ne.

Cikin biyun da suka rage, ɗaya yana da zobe mai lambobi a wuyansa. Mai shago ya nuna mata amfaninsa: in ka saita lamba, da noti ya ɗauru daidai sai injin ya yi ƙar-ƙar-ƙar ya daina murɗawa, ko kana dannawa. Ta gwada a lamba huɗu, noti bai gama shiga ba. A takwas ya nutse kaɗan. A shida ya zauna daidai da fuskar katako, ta shafa da yatsa ba ta ji tudu ba. Ta juya maɓallin baya ya fito da shi lafiya. Yana da ƙaramar fitila a goshi, ta ce barandarmu ba ta da haske ta ƙasa, wannan zai yi. Tambayarta ta ƙarshe ita ce batir nawa ne a akwatin. Biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. Na ɗari tara ɗin nan ne. Ta miƙe hannu da shi na ƙirga har sittin da biyar, ni na gaji da ƙirgawa kafin ita.

Ran nan ba ta taɓa bango ba, ta ce hannu ya ƙara hutawa, batir kuma ya cika. Laraba ta fara bayan karyawa. Ta shimfiɗa tabarma, ta zuba noti a faranti goma-goma yadda take jera wasiƙu a da, in ta gama goma ta tashi ta miƙe baya. Ina wurin aiki tana aiko mini da lamba kawai, ba gaisuwa: goma, ashirin, talatin. Ina ƙirga gwangwanin fenti ina kuskurewa. Da yamma ta tsaya a arba'in da bakwai. Alhamis ta yi hamsin da shida, har da na banɗaki inda sai da ta kwanta rigingine a kan tayil. Noti ɗaya ne kawai ya karkace mata, ta fito da shi ta sake. Da na zo na bi mariƙan nan ashirin da takwas ina jijjigawa, ko ɗaya bai motsa ba.

Juma'a Babban Yaya ya iso tun kafin mu tafi ɗauko Inna. Ya tsaya a baranda yana kallo, ya tambayi wane kafinta muka samu. Yaya ta nuna masa akwatin a kan kujera. Ya dube ta, ya dubi sanda, ya ce shi ba zai ba da uwarsa ga aikin koyo ba sai ya gwada. Ta auna shi da ido ta ce kilo casa'in da shida, bismillah. Ya kama sandar da hannu biyu ya saki jikinsa gaba ɗaya har ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa. Ya yi haka a wuri biyar. A na biyar hularsa ce ta faɗi.

"Casa'in da huɗu ne," ya ce yana kakkaɓe ta. "Na rage."

Da azahar muka shigo da Inna. Malamar gashin ƙashi ta riga ta ga hotunan sandunan a waya ta sa hannu a takardar sallama. A bakin ɗaki Inna ta ture hannuna, ta ture na Babban Yaya, ta kama katako. Ta tafi a hankali, tana jan ƙafar dama, mu uku muna biye da ita. Ina ƙirgawa a zuci. Ta wuce wurin da ta faɗi ba ta ko kalli ƙasa ba. Takun da yake goma sha bakwai ya zama talatin da ɗaya, amma ta kai ƙofar banɗaki da kanta, ta juyo, ta dawo, ta zauna a bakin gadonta tana fuskantar tagarta. Babban Yaya ya fita waje ya yi waya gidansa a daina jiran su.

Inna ta huta, ta sha ruwa, sannan ta dubi bangon ta ce an cika mata gida da itace kamar tashar jirgi. Sai kuma ta ce tunda abin ya zo, murfin tagar nan shekara uku yana lilo, kowa yana gani.

Yaya ta tashi ta ɗauko akwatin. Noti huɗu, minti biyu.

Wata bakwai ke nan yanzu. Ta ɗaure ƙofofin kabad ɗin kicin, ta kafa kanta biyu a ɗakin ajiya, ta gyara ƙafar gadon da nake kwana a kai in na zo. Matan layinmu suna kawo mata murfin tukunya da hannunsa ya kwance, da kujerun da suke rawa, takan amsa ta auna ta faɗi nauyi sannan ta gyara. Ba ta ba da aron injin, ko ni. In na miƙa hannu sai ta ce in je in yi rufin kwano. Inna kuwa takunta ya sauko zuwa ashirin da biyu, kuma jiya na gan ta ta yi huɗu daga ciki ba ta dafa ba.