Tambulan Ɗaya a Gidan Don Balbino

Rigimarmu da Tikyo a kan man kwakwa ce. Wata Lahadi da hantsi ya tsaya bakin rumfata, inda nake sayar da shinkafa da kifi a ƙofar filin ƙwallon kwando na kwalejin garinmu. Ya sha farar riga, gumi na bin wuyansa.

"Nang Iska, sam mini man kwakwa in sha." Nang, wato babbar yaya, haka suke kirana.

"Ka zama fitila ne, Dong?" na ce, yadda muke kiran ƙane.

"An ce yana shafe ciki, giya ba ta kama mutum."

"Wanda ya faɗa maka yana maƙabarta! Ba kai likita ya ce hantarka ta koma tsohon soso ba?"

Na wanke shi tas, har masu keken haya suka tsaya kallo. Ya ɗauki kwalbar da kansa ya kurɓa, ya tafi.

Tikyo Labrador ɗan masunci ne, gajere, irin wanda ba a sa shi wasa sai an riga an sha kashi. Amma yana da ido. Shekara da shekaru yana mataimakin koci, shi ke shiga kwalekwale ƙauye ƙauye yana zaƙulo dogayen yara, ya lallashi iyayensu da alkawarin karatu kyauta. Giya kuwa ya sha ta a ƙuruciya kamar ruwa, har ranar da ya yi aman jini. Tun daga nan ko ƙanshinta ya ji sai ya sake hanya.

Da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da tsohon koci, kowa ya ce kujerar ta Tikyo ce. Kowa, ban da mai biya. Fada, limamin cocin da ke shugabancin kwalejin, sa hannu kawai yake yi. Albashin koci, takalman yara, abincinsu, duk daga aljihun Don Balbino, attajiri mai kamfanin ƙanƙara da muke kira Don, suke fitowa. Shi kuwa Don ba ruwansa da wa ya iya. Wanda zai ji daɗin zama da shi ran Lahadi yake nema. Har ya kira wani Rommel daga Manila, babban birni, abokinsa na faɗan zakaru, mai agogon zinariya da dariya kamar ta jaki.

Yadda aka ba ni labari, a gindin mangwaron gidan Don aka zauna ranar da Tikyo ya sha man nan, ga gasasshiyar akuya, ga giyar rake. Tambulan ɗaya ne yake zagayawa, yadda muke yi, Don da kansa yake zubawa. Tikyo yana kallon tambulan ɗin yana tahowa mutum bayan mutum, ɗanɗanon jinin nan na dawo masa a maƙogwaro. Da ya iso gabansa sai ya kasa ɗaga hannu.

Rommel ya miƙo nasa. "Kawo in shanye maka, Koci. Na ji an ce kai madara ake dama maka."

Aka kwashe da dariya. Ana shanye wa mace, ana shanye wa tsoho, amma namijin da aka shanye wa a gaban Don ya gama yawo.

Don ya ce, "Wanda bai iya riƙe mini tambulan ba, ta yaya zai riƙe mini ƙungiya?"

Tikyo ya runtse ido ya shanye. Don ya buga masa kafaɗa ya ce, "Kocina!" Shi ke nan, an ɗauki ma'aikaci.

Daga ranar tsoronsa ya zama biyu. In aka ci su, Don zai tuna da Rommel, wanda bai koma Manila ba, yana nan yana gyara wa zakaru fuka-fuki. In suka ci, akwai gindin mangwaro ran Lahadi. Yaransa su jefa ƙwallo a kwando, fili ya kaure da ihu, shi kuwa yana tsaye da usur a baki, fuska kamar an yi masa mutuwa. Kuma ya iya aikin, abin haushin ke nan. Ci suke ta yi. Idonsa ya yi ɗorawa, wandonsa ya fara zamewa. Wata rana ya zagaya bayan rumfata wai zai wanke fuska, da ya tafi na tarar da ruwan bahona ya yi ja.

Shekarar suka ɗauko kofin lardi, abin da kwalejin ba ta taɓa gani ba. Don ya yanka akuya har da saniya. Tikyo ya wuce ta gabana ran Lahadi, ya kalli kwalbar mai, ya kalle ni, bai ɗauka ba.

Da tambulan ya iso gabansa a gindin mangwaro, kowa ya zuba masa ido. Ya riƙe shi hannu biyu don kada ya zube. Sai ya juya ya miƙa wa Rommel.

"Ungo. Ka daɗe kana so."

Don bai yi faɗa ba. Murmushi ya yi, ya ci gaba da yagar nama. Kafin wata Lahadin Fada ya tara yara, kansa a ƙasa, ya ce Koci Labrador na bukatar hutu, an samu ƙwararre daga Manila. Kofin ko ƙura bai yi ba tukuna.

A tashar jirgin ruwa na same shi da jaka ɗaya, zai koma tsibirinsu wurin yayarsa. Na cusa masa ƙunshin shinkafa da kifi, ba mai.

"Nang, tsoro nake ji," in ji shi. "Na haura hamsin, ban iya komai ba sai busa usur."

Na ce, "To ka je ka yi ta jin tsoron, Dong. Gawa ce ba ta ji. Kuma in ka kuskura ka riga ni mutuwa, ko kyandir ba zan kunna maka ba."