Golmon Aaron Mai Fanel

Duk wanda ya kai rediyo gyara a kasuwar Zuru a shekarun da wayar hannu ta shigo ya san Aaron Mai Fanel. Shan inna ya taɓa masa ƙafar hagu tun yana ƙarami, amma bai taɓa masa baki ba. Shagona na ɗinki yana jikin nasa, don haka na sha cika bakinsa har na ƙoshi.

Sauran masu gyara, in fanel ɗin rediyo, wato allon da hanyoyin wuta ke kai, ya ƙone, sai su ce a jira a kawo daga Kaduna. Aaron nasa yake yi. Zai zana hanyoyin wuta da baƙin tawada a kan leda garau, ya ɗora a kan allon tagulla mai shafe da maganin da haske ke ci, ya shanya a rana. Ya wanke, ya tsoma a asid, sai ga hanyoyi sun fito tsaf kamar ɗinkin keke. Da damina kuwa hadari ya yi ta ɓata masa aiki, har wansa soja ya kawo masa tsarabar ƙananan ƙwayayen fitilar LED masu hasken altirabayolet, irin hasken ranar da ke cin maganin. Aaron ya jera su cikin wani tsohon akwatin ƙarfe, ya riƙa gasa allon a ciki, ya daina kallon sama.

Abu ɗaya ya gagare shi, auren Gladys. Suna son juna, amma ubanta, Baba Yari, ya kafe kan golmo, noman da saurayi ke yi wa uban budurwa kafin a ba shi ita.

"Mi zan yi da mai ƙafa ɗaya da rabi a gona?" in ji tsohon.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Aaron dariya ya yi, ya ce in tanadi yadin ɗinkin biki.

Wata rana ya kunna akwatin a buɗe a ƙuryar shago mai duhu, sai ga wani abu a gindin bango yana ƙyalli, kore shar. Kunama ce. Ni na yi waje da gudu, shi ya zauna yana kallonta. Dukanmu mun san kunama ta harbi Monica, uwar Gladys, cikin rumbu bara, har ta kwanta asibiti.

Aaron ya zana fanel ɗin tocila, ya gasa shi cikin akwatin. Sannan ya cire ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, ya dasa su a kan sabon fanel ɗin.

Na ce, "Kai, ka kashe akwatinka! Ina za ka sami wasu?"

Ya ce, "Rana ba ta mutu ba."

Da hantsi na raka shi gidan su Gladys. Ya miƙa wa Baba Yari tocilar, ya ce ya hau ya leƙa rumbu. Tsohon ya haska. Ga kunamu nan kore-kore a jikin damman dawa, daidai inda matarsa ke sa hannu kullum. Daga kan tsani ya bi damman da hasken ɗaya bayan ɗaya.

Da ya sauko ya ce, "Rumbunana da na ƙannena, ka raba su da kunama kowace kaka. Shi ne golmonka. Kada ka makara."

Ni na ɗinka kayan bikin. Yanzu in ka wuce da damina za ka ga Aaron a ƙofar shago da allon tagulla a hannu yana harara hadari, Gladys da goyonta tana yi masa dariya. Tocilar tana rataye a ɗakin Monica, bai taɓa cewa a ara masa ba.