Likitar da Ta Gano Ciwon Cikina a Hoton Kaina

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, ina tsugune ina haɗa ƙyauren wani shago sai wayata ta yi ƙara. Ma'aikaciyar jinyar da ke aiki tare da ke ce, Likita. Ta ce, "Mai walda, Likita ta rasu ɗazu da hantsi." Kwana huɗu kacal kika yi a kwance. Na kashe injin na zauna daɓas a ƙasa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Likita, ni ƙarfe na sani, ban iya tsara magana ba. Amma tun ranar nan bakina ya ƙi yin shiru, duk wanda ya shigo shago sai na tare shi da labarinki, har ina mantawa da aikin da ya kawo. Gara in rubuta kowa ya ji.

Shekara tara cikina yana murɗawa. Yau gudawa, gobe hanji ya ƙulle, jibi kumburi har wando ya ƙi shiga. An auna jini, an auna bayan gida, an zura mini bututu mai kyamara ta maƙogwaro, amsar dai ɗaya ce: ba mu ga komai ba. Baba, wanda ya koya mini walda kuma a shagonsa nake aiki, ya gaji da ni. Ya ce wannan ciki nawa mai wayo ne, ba ya tashi sai an kawo aiki mai nauyi. In na ruga banɗakin da ke ƙarshen layi, sai in dawo in tarar ya gaya wa masu jira cewa malalacin ya tafi hutawa. Wallahi murɗawar ba ta kai wannan kalma zafi ba.

A bangon asibiti na ga sanarwarki, ana neman masu daɗaɗɗen ciwon ciki za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Na yi dariya har mutane suka juyo. Ciwo a ciki, hoto a kai? Na shiga ne don in ga mai wannan tunani. Na same ki a ɗan ofis mai taga ɗaya, takardu har kan kujerar baƙi. Kika juya bayan wata takarda kina zana mini hanji da ƙwaƙwalwa, da layin da ya haɗa su. Kika ce kullum suna aika wa juna saƙo, kuma kina zargin a jikin wasunmu hanji yana raɗa ne, ƙwaƙwalwa tana jin ihu. Kina bayani tabarau yana zamewa kina tura shi, murna kamar yau kika fara jin labarin. Ban taɓa ganin wanda ciwona ya ba sha'awa ba sai ke.

Sai na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. A takardar shiga akwai tambaya kan sana'a, kuma wani a layi ya raɗa mini cewa ana mayar da masu aikin ƙarfe gida. Ni da na ga ƙofa ta buɗe bayan shekara tara? Na rubuta tela. Ranar hoto na cire agogo da bel, na nufi ɗakin na'urar ina taƙama. A bakin ƙofa kika ɗaga hannu da kalmar nan taki da ma'aikata ke tsokanarki da ita: "Tsaya tukuna." Kika kama hannuna kina duba tabon tartsatsi, kika kalli ƙananan hujojin rigata. Kika ce, "Ƙanena tela, wane irin zare ne ke ƙona mutum haka?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ba ki yi faɗa ba. Kika gaya mini na'urar ƙaton maganaɗisu ce, kuma in akwai ɓurɓushin ƙarfe a idon mutum za ta fizge shi. Kika tura ni aka ɗauki hoton idanuna. Sai ga shi kuwa a idon hagu, bai kai ƙwayar yashi ba, ban ma san yana nan ba. Likitan ido ya cire shi. Idon da nake rubuta wannan da shi, bayan Allah, ke kika tsare mini shi. Kuma da kin soke sunan maƙaryaci babu mai ganin laifinki, amma mako shida kika ajiye mini gurbina har na warke.

Na shiga na'urar nan mai ƙara kamar ana yankan ƙarfe, ni kam kamar ina shago. Ana ba ni wani ruwa mai kauri ta siririn tiyo, ina danna maɓalli duk lokacin da ciki ya motsa. Bayan wata biyar kika tara mu, mu arba'in da biyu, kika haska hotuna a bango. Gefe ɗaya na masu lafiya, gefe ɗaya namu. Ruwa iri ɗaya muka sha, awo ɗaya, amma wuraren jin zafi a namu sun kama ja kamar ƙarfe a wuta. Kin ja mana kunne cewa hoton mutum ɗaya ba hujja ba ne, sai an haɗa na mutane da yawa, kuma wannan ba magani ba ne tukuna. Sannan kika ce, "Amma ciwonku gaskiya ne." Wata dattijuwa ta fashe da kuka, wani direba ya dinga tafi shi kaɗai. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Na roƙe ki in kawo Baba, kika ce ko gobe. Ya zo da kayan aiki a jikinsa, fuska a ɗaure. Kika kwashe takardu kika ba shi kujera, kika yi masa bayani da harshen da ya sani. Kika ce, "Baba, in aka ƙure wa injin walda wuta, ai ɗan taɓi kaɗan ma huda ƙarfe yake yi. Haka jikin ɗanka yake." Ya daɗe yana kallon hoton. Abin da ya ce kawai shi ne, "To." Bayan mako guda na tarar ya kewaye wani lungu a bayan shago, ya sa an haɗa banɗaki, ya yi masa ƙyaure da hannunsa. Bai ce don wa ya yi ba. Na gode masa a raina, amma ba zan ɓoye miki ba, akwai maganar da nake jira daga bakinsa, kuma na fara cire rai.

Ranar Talatar nan Baba ya gan ni zaune a ƙasa, ya tambaye ni wa ya kira. Na gaya masa. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya sa shi rufe shago ya cire gilashin walda, ya ja ƙofa da rana tsaka, ya ce in tashi mu je. A gaban mijinki da 'ya'yanki, da mutane cike da falo, Baba ya ce, "Shekara tara ina kiran ɗana malalaci. Matarka ce ta nuna mini ni ne ban gani ba." Sai ya juyo gare ni ya ce, "Ka yafe mini." Likita, ina ma kina nan ki tura tabaran nan naki ki ji da kunnenki.

Abokan aikinki sun ce binciken ba zai tsaya ba. Za a sake ɗaukar mu hoto wata mai zuwa, kuma zan riga kowa isa. Inda aka ce sana'a, walda zan rubuta da manyan baƙaƙe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki, da 'ya'yanki uku, da mahaifiyarki, da ma'aikatan da suka saba jin "tsaya tukuna" kowace safiya. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Allah Ya jiƙan Likita, Ya gafarta mata, Ya haskaka makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Ya Allah, ta yarda da mu a lokacin da babu wanda ya yarda, Ka karɓe ta da rahamarKa. Amin.