Dutsen Niƙa Babu Hatsi

Na kammala karatun tarihi a Yamai a shekarar da fari ya cinye gonakinmu, shekarar tamanin da huɗu. Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na ƙasar Tamil, a kudancin Indiya. Akwai wasu ƙarnuka, daga na uku zuwa na shida, waɗanda masana suka daɗe suna kira zamanin duhu, domin rubutun da ya saura daga gare su kaɗan ne, kuma waɗanda suka ba da labarin sarakunan lokacin daga baya ba masoyansu ba ne. A aji na ɗauka mutanen zamanin ba su aikata abin tunawa ba. Sai da na koma ƙauyenmu, kusa da Gangara, na fara shakkar haka.

Mu ma muna da irin wannan zamani. Kakanninmu makiyaya ne a arewa kafin su zama manoma, amma babu namijin da ya san yadda aka bar garke aka kama fartanya. Labarin yana bakin mata, cikin waƙar niƙa: rijiyoyin da aka yada zango, shanun da suka mutu, matan da aka binne a hanya. Kakata, mahaifiyar babana, ita kaɗai ta rage da ta san shi daga farko har ƙarshe. Na yi niyyar in ɗauke shi daga bakinta kafin ya ɓace.

Na tarar da rumbunanmu fayau. Abincin agajin da ake rabawa gari ne niƙaƙƙe, saboda haka dutsen niƙa yana jingine a bayan ɗaki, kaji suna kwana a gindinsa. Na roƙe ta ta yi mini waƙar tana zaune. Ta gwada, ta kawo baiti ɗaya, ta tsaya, ta ce hannu ne ke jawo kalmomin, kuma mace ba ta waƙar niƙa a kan dutse marar hatsi, domin kiran yunwa ne.

"Kai mijin banza," in ji ta, "ka zo zance hannu wofi. Kawo hatsi ka ji murya."

Ranar kasuwar Cadawa na sayar da takalmana, na samo hatsi tiya guda, wato kwanon awo ɗaya. Matan gida suka so a dafa wa yara nan take, babana ya ce a bar tsohuwa ta niƙa. Aka wanke dutsen, aka shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa. Ta tura sau kaɗan, muryarta ta fito siririya, ta ambaci wata rijiya da ban taɓa jin sunanta ba. Daga nan ƙarfinta ya ƙare, ta kasa turawa. Ashe ta daɗe tana miƙa wa jikoki rabonta a ɓoye.

Ƙanwar babana ta karɓi niƙan, ta roƙi tsohuwar ta ci gaba da waƙar, ita za ta tura. Kakata ta saurari ƙarar dutsen, ta girgiza kai, ta ce wannan ba takun hannunta ba ne, waƙar ba za ta zo ba.

Yara suka sha kunu a ranar. Ita kuwa ba ta sake durƙusawa ba, ta rasu kafin damina. Mutanen gidanmu suka watse, wasu Gidan Rumji, wasu ƙetaren iyaka. Na bi tsofaffi a kasuwanni ina tambayar rijiyar nan, ban sami wanda ya san inda take ba.