Kujerar Tsakiyar Ɗaki

Da girmana na zo Kwatano, na haura arba'in, bayan shagona na yadi a Funtuwa ya durƙushe. Iyali na bar su gida saboda karatun yara, sai da Sallah nake ganinsu. Na kama ɗaki a Zongo, unguwar Hausawa, a wani gidan haya mai ƙofofi tara, na kuma sami rumfa a kasuwa ina sayar da shadda. Ranakun aiki ba sa damuna, ciniki da hayaniya suna cinye su. Lahadi ce ke ba ni wahala. Kasuwa ta mutu, maƙwabta su ci ado su tafi coci, ni kuma in ji ɗakin ya yi mini faɗi, alhali taku biyar ne tsawonsa.

Akwai wata majalisa ta mutanenmu, su shida, 'yan Kano da 'yan Maraɗi, sun daɗe tare tun ban san hanyar garin ba. Kowace Lahadi bayan azahar suna shan shayi a ɗakin ɗayansu, bi da bi. Babbansu dattijo ne mai sayar da goro, kowa Baba yake ce masa. Suna kirana, ina zuwa, ba su taɓa nuna mini bambanci ba. Amma in an zo faɗin ɗakin da za a je mako mai zuwa, sai layin ya tsallake ni. Ba ƙeta ba ce. Sun san ba komai a ɗakina sai katifa da buta da wata talabijin da na gada daga wanda ya tashi. Duk da haka abin yana cina ƙwarai, don baƙo nake a wurinsu kullum, ban taɓa zama mai masauki ba.

Ni mutum ne da in abu ya dame shi ba ya faɗa, sai dai ya nemi hanyar zagaye. Na ce bari in haɗa abin da babu shi a ɗakin kowa: kayan sauti irin na gidan silima. Aljihuna kuwa bai kai bakina ba. Na hau zemijan, babur ɗin hayar garin, na tsallaka gada zuwa Akpakpa wurin wani mai gyaran rediyo, ɗan ƙasa ne amma ya iya Hausar kasuwa. Shagonsa cike yake da tsofaffin kayan Turai, irin waɗanda a gida muke kira 'yan Kwatano.

Na nuna wani akwatin sauti mai fitilu ja da kore. Ya girgiza kai.

"Alhaji, wannan ado ne, wata uku ya mutu. Fara da ampili. Shi ne uwa."

Ya jawo ampilin, wani baƙin akwati mai nauyi, ya juya mini bayansa. Wurin ɗaura sifika biyar, da na shida na babbar da ke ba da rugugi.

"Yau ka ɗauki bafil, wato sifika, biyu masu kyau, hagu da dama. Sauran ramukan ka bar su, ba sa ruɓewa. In ka samu, ka ƙara ta tsakiya, ita ce ke fitar da magana. Bayan nan biyu na baya."

Haka na yi. Na dawo rungume da ampili a kan babur kamar mai kai jariri asibiti. Bayan wata biyu na ƙaro ta tsakiya. Na baya sun ɗauki lokaci, sai da na rage cin nama na koma wake da gari. Waya na bi bango da ita, ina kafa ƙusa, bangon yana zubo yashi saboda danshin teku. Ban gaya wa kowa ba. So nake su gani gaba ɗaya su riƙe baki.

Ranar da na karɓo na baya, mai gyaran ya ba ni igiya ya koya mini awo. Ya ce sautin duka biyar a wuri ɗaya yake haɗuwa, a tsakiyar ɗaki, daidai kunnen mutum in yana zaune a kujera. Na sayi farar kujerar roba, na auna da igiya daga kowace kusurwa, na sa alama da alli a siminti. Ya kuma ba ni faifan gwaji, fim ɗin wani jirgin ruwa da guguwa ta kama. Da na zauna na kunna, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ruwa yana zuba ta bayana, katako yana ƙara ta hagu, mutum yana magana a gabana kamar in taɓa shi. Na juya da sauri zan ce "Ka ji?" sai na ga jakar kayana ce a wurin.

Lahadin da ta biyo na yi ta maza na ce su zo ɗakina. Baba ya dube ni ya ce, "To madalla, ɗana. Ai da ka faɗa tuntuni."

Na share, na shimfiɗa tabarmi a jikin bango, na sa darduma mai laushi a ƙuryar ɗaki, nesa da ƙofa, inda ake ajiye babba. Na sayo tsire da sukari da na'ana'a. Suka zo, suka tuɓe takalma a waje, kowa ya nemi bango ya jingina, yadda muke zama tun kakanni. Kujera tana tsakiya ita kaɗai.

"Baba, bismilla, nan ne wurinka," na ce.

Ya dubi kujerar, ya dube ni. "In hau sama in ba mutane baya? A'a, ɗana. Nan ya ishe ni." Ya wuce kan darduma.

Na yi wa na biye da shi tayi, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai canjin kuɗi. Ya yi dariya ya ce, "Ni in zauna gaban Baba, ƙeyata a fuskarsa? Kana so a yi da ni a Zongo?" Daga nan ban ƙara tayi ba. Ni kaina ba zan hau ba, mai masauki a bakin ƙofa yake zama da butar shayi. Wata da watanni ina awo da igiya, ban taɓa tuna yadda mutanena suke zama ba.

Na kunna. Sifikar baya ɗaya tana daidai kan Baba, ba abin da take ba shi sai iska da ruwa. Waɗanda ke kusa da ta hagu suka toshe kunne ɗaya. Maganar fim ɗin kuwa tana tafiya kai tsaye wurin kujerar da ba kowa. Can da guguwa ta taso, Alhajin Maraɗi ya zaci ruwan sama ne, ya zabura ya fita kwashe takalma, ya tarar rana tana ƙwallewa. Aka yi dariya har da hawaye, ni ma na yi. Aka so a yi hira, sauti ya hana; na rage, fim ya zama banza. Baba ya jure har shayi na biyu, sannan ya ce a hankali, "Ɗana, ko za ka kashe ruwan nan mu ji juna?"

Na kashe. Sai dai hirar ta riga ta tsinke. Ba a jira shayi na uku ba, aka kira la'asar, suka tashi suna sa albarka. Daga masallaci kowa ya kama gabansa.

Washegari kafin in fita kasuwa na kwance sifikun baya, na naɗe wayarsu, na sa su a kwali. Sauran ukun na jera su a bango ɗaya. Kujerar na bai wa maƙwabciyata, tana gyaran kifi a kanta. Na sami Baba a rumfarsa na ce masa na gyara ɗakin, yanzu kowa zai ji daidai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Allah ya yi albarka. Za mu zo, in sha Allahu."

Layin shayi ya zagayo sau biyu tun daga ranar, bai tsaya a ɗakina ba. Ina zuwa duk inda aka ce, ana yi mini maraba kamar da. Ban sake tambaya ba, su ma ba su tayar da maganar ba, wataƙila don kada su kunyata ni.

In na dawo ɗaki bayan la'asar nakan kunna kayan ƙasa-ƙasa. Tabarmin ban naɗe su ba, dardumar tana ƙuryarta. Ni kuma a bakin ƙofa nake zama.